Samarin Samaru: Labarin Jam'iyyar Masu Zane ta Zariya

Wanda ya tashi daga ƙasarmu, ko daga Garbadu ne, ko Bakura, ko Maradun, ya faɗa babbar hanyar da ta fito daga Sakkwato ya nufi gabas, in ya wuce Gusau da Tsafe da Funtuwa, kafin ya hangi ganuwar birnin Zariya sai ya ratsa wani gari da a ke kira Samaru. Nan Jami'ar Ahmadu Bello ta ke. Yawancin matafiya iyakar abin da su ke gani shi ne ƙofa da dogayen benaye, sai mota ta wuce da su. To, a wannan wuri ne waɗansu 'yan makaranta, waɗanda yawansu bai kai goma sha biyar ba, suka kafa wata 'yar jam'iyya cikin 1958. Ba gwamnati ce ta kafa ta ba, ba kuwa malamansu ne suka umurce su ba. Shekara uku kaɗai ta yi ta watse. Amma har yau ba mai ba da tarihin zane a Nijeriya ya tsallake ta, kuma akwai wani abu cikin labarinta da ya shafe mu, mu Hausawa, ko da ya ke ba mu a ciki.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu tuna yadda a ke koyon sana'a a wurinmu. Ɗan maƙeri a gindin zugazugi ya ke buɗe ido, ɗan magini kuwa tun yana ƙarami ya ke miƙa tubali. Haka kiɗa. Yaro ya kan fara da ɗaukar kaya, sa'an nan a sa shi cikin 'yan amshi, sa'an nan a miƙa masa kotso, in Allah ya ba shi basira wata rana ya ja waƙa da kansa. Ta wannan hanya Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya bi, a wurin mahaifinsa ya koya, har ya zama makaɗin da Sardauna Ahmadu Bello ya ke ji da shi. Ta nan kuma Sa'idu Faru ya bi, wanda ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙoƙi tun yana Sarkin Kudu a Talatar Mafara. Mai koyo irin wannan ba ya tsayawa ya ce, wane irin kiɗa zan yi, namu ko na waɗansu? Abin da ya tarar shi zai yi, in ya gwane ya ƙara nasa. Wannan tambaya ba ta tasowa sai ga wanda ya shiga makarantar baƙi, aka ɗora masa wata hanya daban da ta gida. Su samarin Samaru ita ce ta same su.

Cikin 1952 gwamnatin Turawa ta buɗe wata babbar kwaleji ta koyon fasaha da kimiyya da sana'o'i, mai rassa uku, ɗaya a Zariya, ɗaya a Badun, ɗaya a Enugu. Sashen koyon zane da sassaƙa a Badun aka fara shi, sai cikin 1955 aka ɗauko shi aka kawo Zariya. Shekara huɗu a ke yi kafin a ba mutum takardar shaida. Malaman kusan duk daga Ingila su ke, tsarin karatun kuma irin na makarantun zane na can ne. Ana koya wa ɗalibi yadda zai auna jikin mutum ya zana shi daidai, yadda zai nuna nesa da kusa a kan takarda, yadda haske da inuwa su ke faɗawa a kan abu, da yadda a ke haɗa fenti. Kada mai karatu ya raina wannan ilmi, ilmi ne na gaske, su ɗaliban ma ba su taɓa cewa a bar shi ba. Abin da ya dame su shi ne abin da babu. Ba darasi a kan kawunan tagulla na Ife da na Bini, ba darasi a kan kayan yumɓu na Nok, waɗanda tun 1952 aka buɗe gidan ajiye kayan tarihi a Jos ana nuna su. Ga kuma birnin Zariya 'yan mil kaɗan daga kwalejin, cike da zaurukan da magina suka ƙawata da zane, ga masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, amma cikin aji sai ka ce ba su a duniya.

Gaskiya dai a faɗe ta, ba duk Turawa ne su ke da wannan ra'ayi ba. Wani malami mai suna Kenneth Murray, wanda ya zo ƙasar nan cikin 1927, ya daɗe yana gaya wa almajiransa su dubi sana'ar gida. A cikin malaman Zariya ma akwai 'yar ƙasa guda, Clara Ugbodaga-Ngu. Amma tsarin karatu ba mutum ɗaya ke juya shi ba.

Sai kuma mu dubi lokacin. Cikin 1957 Gana ta sami mulkin kai. Jihar Gabas da ta Yamma suka karɓi mulkin cikin gida a wannan shekara, Jihar Arewa ta karɓi nata cikin 1959, kowa kuma ya san ranar ƙasa duka tana tafe. Saurayi mai hankali da ke zaune a aji cikin waɗannan shekaru dole ya tambayi kansa, in tuta ta sake, hannuna fa, zai ci gaba da kwaikwayon hannun wani?

Waɗanda suka shiga kwalejin cikin 1957 su suka fi zafin abin. Akwai Uche Okeke, Ibo ne mutumin Nimo, an haife shi cikin 1933, amma a Kafanchan ya tashi, har ya taɓa aikin akawu a Jos kafin ya zo Zariya. Wanda ya san aikin akawu ya san yana koya wa mutum ajiye takarda da rubuta kome, wannan hali kuwa ya bi shi, don daga abin da ya rubuta ya ajiye ne masana suka sami yawancin labarin jam'iyyar. Akwai Demas Nwoko, ɗan sarkin Idumuje-Ugboko, da Bruce Onobrakpeya, mutumin Urhobo. Suka tarar da waɗanda suka riga su da shekara guda, watau Yusuf Grillo na Ikko da Simon Okeke. Shi Simon da Uche ba wa da ƙane ba ne, suna ne ya zo ɗaya. Daga baya waɗansu suka shigo, irin su Oseloka Osadebe da Okechukwu Odita da Ogbonnaya Nwagbara. Ran 9 ga Oktoba 1958 suka yi taronsu na fari, suka sa wa abin suna Jam'iyyar Zane, wadda yanzu a Turance a ke kira Zaria Art Society. Simon Okeke aka fara ba shugabanci, Uche Okeke yana magatakarda, daga baya shugabancin ya koma hannun Uche.

Me su ke yi a wannan jam'iyya? Wanda ya ji an ce da su 'yan tawayen Zariya, don haka aka yi musu laƙabi daga baya, sai ya zaci sun fasa tagogi ne ko sun ƙaurace wa aji. Ko kusa. Waɗansunsu ma ba su so laƙabin ba. Aikin aji suna yinsa yadda malami ya ke so, don su ci jarrabawa. In an tashi sai su taru su yi ta muhawara, wannan ya kawo abin da ya karanta, wancan ya nuna abin da ya zana a ɗaki, a yaba ko a kushe. Babban abin da suka ɗora wa kansu shi ne aikin hutu. In an ba da hutu, ko wane ya koma garinsu ya zauna wurin tsofaffi, ya tambayi masassaƙa da masu rini da masu zanen bango, ya rubuta tatsuniyoyi, ya kwafo siffofi a littafinsa, in an dawo ya karanta wa 'yan'uwa abin da ya samo. Watau dai sun kafa wa kansu wata makaranta cikin makaranta, su ne malamai su ne almajirai.

Ta haka Uche Okeke ya koma ga wani zane da a ke kira uli, wanda matan Ibo su ke yi a jiki da kuma bangon ɗaki, kusan yadda matanmu su ke da lalle. Mahaifiyarsa ta iya shi, a wurinta ya nemi bayani. Ka ga mutumin da ya je babbar kwaleji neman ilmi, ya dawo ya durƙusa gaban uwarsa yana ɗaukar darasi. Onobrakpeya ya kama tatsuniyoyin Urhobo, Grillo kuwa ya kama rayuwar Yarabawan Ikko, ya riƙa zuba shuɗi a zanensa har ya zama alamarsa, kamar wanda ya tsoma hannu a marina.

Cikin 1960 Uche Okeke ya tsara manufarsu a wani jawabi da ya yi wa jam'iyyar. Sunan da ya ba ta da Turanci, ma'anarsa haɗuwar da ba tilas a cikinta. Manomi zai fi kowa gane wannan magana. In za ka yi wa mangwaro aure, ba ka tumɓuke ɗan gida, don shi ya san ƙasar, shi ke jure fari da gara. Sai ka yanko reshen baƙon iri ka ɗaura a jikinsa, su haɗe, itace ya zama ɗaya. Saiwa ta gida ce, 'ya'ya kuwa sun sake. Abin da samarin nan su ke nufi ke nan. Ba su ce a koma zamanin kakanni a zauna ba, don sun san sassaƙar da aka yi wa tsafi a dā ba ta da wurin zama a rayuwar akawu da direban jirgin ƙasa. Ba su kuma yarda a zama inuwar Bature ba. Fenti da burushi da awo na makaranta ne, amma ido da labari da salon layi su fito daga gida.

Ayyukan da suka yi a Zariya suna nan har yanzu, waɗansu a manyan gidajen ajiya na ƙasashen waje. Demas Nwoko ya zana wani da ya sa wa suna Nijeriya cikin 1959. Turawan mulki ne zaune bisa kujeru a wurin wani biki, fuskokinsu a yamutse kamar waɗanda suka gaji, bayansu kuma ga askarawa baƙar fata a tsaye cikin duhu. Bai rubuta ko kalma guda a jiki ba, amma duk wanda ya duba ya san mulki ya zo ƙarshe. Uche Okeke kuwa cikin 1961 ya zana taron masallata ya kira shi Juma'a. Ga Kirista ɗan Ibo ya tsaya ya dubi fararen riguna da rawuna na mutanen Arewa, ya ga abin da ya isa a zana.

Da ranar mulkin kai ta zo, 1 ga Oktoba 1960, aka shirya babban nuni a Ikko. Aka kira Okeke da Nwoko da Onobrakpeya, alhali ba su ko gama makaranta ba, suka ƙawata bangayen wurin nunin, aka kuma rataye zanensu tare da na manya irin su Ben Enwonwu. Daga nan sunansu ya fita. Wani Bajamushe mazaunin ƙasar Yarabawa, Ulli Beier, ya riƙa rubutu a kansu cikin mujallu.

Ba kowa ne ya bi su ba, ko cikin abokan karatunsu. Akwai Jimo Akolo, mutumin Egbe ta lardin Kabba, wanda ya yi sakandare a Keffi, watau shi ɗan Jihar Arewa ne a tsarin wancan zamani. Gwani ne ƙwarai, tare suka shiga da su Okeke, amma bai yarda ya ɗaure kansa da ƙa'idodin jam'iyyar ba. A ganinsa, in ka ƙi Bature ya gaya maka abin da za ka zana, don me za ka yarda abokinka ya gaya maka? Ni dai ina ganin maganarsa tana da ƙarfi. Abin mamaki kuwa, shi da bai ɗauki alkawarin komawa ga al'adar kakanninsa ba, shi ya fi zana makaɗan Hausa da mahayan dawaki, kuma shi ya zauna a Zariya yana koyarwa shekara talatin da wani abu. Ya rasu cikin 2023.

Cikin 1961 manyan jam'iyyar suka gama karatu, suka rufe ta da hannunsu. Shekara ta gaba, cikin Oktoba 1962, kwalejin kanta ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Okeke da Nwoko suka shiga cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin Mbari a Badun tare da marubuta irin su Wole Soyinka da Chinua Achebe, sa'an nan Nwoko ya tafi Faransa, Okeke ya tafi Jamus ƙarin ilmi. Onobrakpeya ya kama koyarwa a Ikko, ya shahara wajen zanen bugawa, watau a sassaƙa siffa a jikin allo ko faranti, a shafa tawada, a danna a takarda kamar yadda a ke buga hatimi. Shi ya yi hotunan wani littafin Cyprian Ekwensi na 1962, wanda labarinsa ya yi kama ƙwarai da na Jiki Magayi da masu karatun Hausa suka sani. Grillo ya riƙe sashen zane na kwalejin Yaba shekaru da yawa, shi ne kuma shugaban farko na ƙungiyar masu zane ta Nijeriya duka.

Sai ƙasa ta rikice cikin 1966, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Samarin da suka kwana ɗaki ɗaya a Samaru suna mafarkin zanen Nijeriya guda, yaƙi ya raba su gida biyu. Simon Okeke, shugabansu na fari, ya rasu cikin 1969 yaƙi bai ƙare ba. Bayan an ajiye makamai Uche Okeke ya karɓi sashen zane na jami'ar Nsukka, ya sa uli cikin tsarin karatu, abin da ya nema yana ɗalibi bai samu ba ya ba almajiransa. Ya rasu cikin 2016, Grillo kuma cikin 2021. Nwoko ya juya ga gini. Ya gina majami'ar Dominikan a Badun, ya riƙa aiki da jar ƙasa da itacen gida, yana tsara ɗaki yadda iska za ta ratsa shi ba sai da na'ura ba. Cikin 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a birnin Benis na ƙasar Italiya, wadda tana cikin manyan lambobin da a ke ba masu tsara gini a duniya.

To, yanzu mai karatu ya sake duba sunayen nan. Cikin ƙasar Zazzau aka yi abin, amma ba Bazazzagi a ciki, ba Bakano, ba Bakatsine, balle Bazamfare. Me ya sa? Da fari dai makarantun sakandare a Arewa kaɗan ne a lokacin, 'yan kaɗan ɗin da suka gama kuwa gwamnatin Sardauna tana jiransu da kujerun ofis da na asibiti da na soja, don ta cike guraben da Turawa za su bari. Ba uban da zai ga ɗansa na iya zama Di'o ya bar shi ya tafi koyon fenti. Na biyu, malamanmu sun yi magana a kan sura mai rai, iyaye da yawa kuma ba za su saki 'ya'yansu ga aikin da su ke shakkar halaccinsa ba. Wannan hujja ce da ba a wasa da ita.

Amma a ganina akwai dalili na uku, shi ne kuwa ya fi ciwo, don ba Bature a cikinsa. Zanen Hausa na asali ai ba ruwansa da sura mai rai. Dubi zayyanar da mai saukar Alƙur'ani ya ke yi wa allonsa. Dubi aska takwas a wuyan babbar riga, da aikin dukawa a jikin sirdi, da zanen ƙwarya, da dagin da Jihar Arewa ta ɗauka ya zama tambarinta. Duk wannan ba malamin da ya hana. Abin da ya hana shi shiga makaranta shi ne mu da kanmu ba mu lissafa shi cikin ilmi ba. Mun ɗauke shi sana'ar gado, ta waɗansu gidaje, wadda ɗan boko ba ya waiwaya. Makaɗi ma haka, mu ji daɗin waƙarsa, mu yi masa kyautar riga da doki, amma in ya nemi auren 'yarmu sai a fara duban juna. Uche Okeke bai ji kunyar zama gaban mahaifiyarsa da littafi ba. A cikinmu wane ɗan kwaleji ne a wancan zamani zai zauna gaban magini ya ce koya mini?

Kiɗa da wasa sun sami shiga daga baya, ko da ya ke ta wata ƙofa. Cikin shekarun 1970 aka gina wa Jami'ar Ahmadu Bello dandalin wasan kwaikwayo da ƙasa, bisa fasalin gidan Bahaushe, da zauruka da fili a tsakiya. Ɗaliban wasan kwaikwayo suka riƙa fita Samaru da ƙauyukan kewaye suna shirya wasa da Hausa a kan abin da ya dami manoma. Ƙungiyoyin Hausa na ɗalibai, a Zariya da Kano da Sakkwato, suka riƙa gayyatar makaɗa da mawaƙa cikin jami'a. Cikin 1988, shekara talatin cif bayan taron samarin nan na fari, jami'ar ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta, aka sa wa mai kalangu rigar da a ke sa wa shaihunan malamai. Aikin hutun da su Okeke suka ƙaga wa kansu ya zama wajibi ga ɗaliban Hausa, a tura mutum garinsu ya ɗauko waƙa da tarihin mai ita. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tara tarihin makaɗa da yawa a littattafansa, har da na ƙasarmu. Saboda haka da Ɗanƙwairo ya rasu cikin 1991, muryarsa tana faifai, baitocinsa suna takarda.

Magina da masu zanen ƙwarya ba su sami wannan rabo sosai ba. Waƙa in an ɗauke ta a faifai ta zauna. Zanen bango kuwa na ƙasa ne, sai an bi shi da yaɓe da makuba, in aka yi sakaci damina biyu ko uku sai ya zube. A garuruwanmu na Mafara da Bakura da Maradun, wanda ya sami kuɗi ya kan rushe tsohon zaure ya tayar da na bulo da kwano, ba mai ganin laifinsa, don ya huta da gyara ko wace shekara. 'Ya'yan magina da yawa sun koma aikin siminti, tsofaffin da suka san sunan ko wane zane da yadda a ke murza shi da yatsa tun ƙasa tana ɗanya kuwa suna ta raguwa.